Shanun Labbo a Bakin Rijiya

Nazifa ta ɗaga wayarta sama tana zagaya gindin gawon da ke bakin rijiya, bayan garin Badagishiri, har reso, wato siginar waya, ya dawo da muryar Malama Zalika. Malamar lissafi ce a Konni, ta Watsap take agaza wa ɗaliban jami'a in ƙididdiga ta tsaya musu a wuya.

Ita kuwa Nazifa, ƙididdigar ta shaƙe ta sosai. Bincikenta na kammala karatu a kan yawan shanun makiyayan Illela ne, kuma in bai shiga hannun malamai a makon nan ba, sai ta maimaita shekara.

Malama ta ce lissafinta lafiya lau, amsoshin ne abin dariya: kowane makiyayi ya ce shanunsa ashirin. Yaya za a auna bambanci a inda kowa ya zama ɗaya?

Kunya ta rufe Nazifa, don ta san dalili sarai. Makiyayi ba ya faɗin yawan dabbobinsa, tsoron baki yake yi. Ashirin ɗin nan sallamar mai tambaya ce kawai. Ubanta ma, Labbo, haka ya ce mata, ko gezau.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta ƙirga garkunan da ke zuwa shan ruwa da idonta, ta turo kafin la'asar, za ta zauna kan layi su sake aikin tare.

Garken farko da ya ɓullo na Labbo ne. Mutumin da ya taɓa korar malamin dabbobi don ya nuna saniyarsa da yatsa! Ta durƙusa ta zayyana masa komai. Ya dogara da sandarsa ya dube ta.

"In ba a ƙirga ba, karatun ya lalace ke nan?"

"Ya lalace, Baffa."

Sai ya juya wa garken baya, ya ja rawani ya rufe fuska.

"Ki yi a zuci, ɗiyata. Kada in ji."

Shanun suka cunkushe a kwamin ruwa, ƙirgar ta ɓace mata har sau biyu, hawaye suka cika idonta. Can ta ji muryarsa daga cikin rawani, ƙasa-ƙasa, yana kiransu da sunayensu, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ta gabanta.