Amin Ɗin Kwamiti

"Mu rufe ido," in ji Baba Shugaba.

Mutum tara suka sunkuyar da kai a dogon teburin ofishin mishan. Magatakarda ya rufe nasa idon, tafin hannunsa a kan fayil. Rahoton wannan zama ne a ciki, kuma tun jiya ya buga shi, kafin kowa ya zauna. Shekara goma sha ɗaya haka ake yi. Baba ba ya kawo doka a yi muhawara. Cikin addu'ar rufe taro yake cusa ta, duk wanda ya ce Amin kuwa ya jefa ƙuri'arsa ke nan. Wa zai buɗe ido ya katse mai magana da Allah?

"Ya Uba, mun gode da ka nuna mana gidajen mishan na masu aiki ne. Ka ba matan bayinka da suka rasu ƙarfin zuciya, su kwashe kayansu cikin kwana talatin."

Gwauruwa ɗaya ce tak a gidajen mishan, yayar Magatakarda. Mijinta ya yi shekara ashirin da shida yana kai bishara ƙauyuka a kan babur, har babur ɗin ya zama ajalinsa wata uku da suka wuce.

Da safen nan ta tare ƙanin nata a bakin igiyar shanya, jiƙaƙƙen zane a kafaɗarta.

"Auta, ban ce ka yi faɗa da kowa ba. Na san ka, ko kaza ba ta tsoronka. Bakinka kawai za ka kama. Tsarinku ya ce in mutum ɗaya bai yarda ba, sai an jira babban taro. Wata shida ke nan. 'Yata ta gama jarrabawa, mu tafi da ƙafarmu."

"Cikin sunan Yesu," in ji Baba.

"Amin!"

Murya takwas. Magatakarda ya danne leɓɓansa har suka yi zafi.

* * *

"Miƙo rahoto in sa hannu."

"Baba, ni... ban ce Amin ba."

Ma'aji ya yi 'yar dariya. "Mura ce, Baba. Tun safe nake jin hancinsa."

Baba bai ɗaga murya ba. Bai taɓa bukatar haka ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Ɗana, gidan da muka ba ka ɗaki nawa ne?"

"Biyu, Baba."

"Yara nawa gare ka a makarantarmu?"

"Huɗu."

"Ubangiji ya raya su. Karanta mana layin ƙarshe."

Ya buɗe fayil. Ya duba fuskokin da suka ci abinci a gidan marigayin, suka yi kuka a bakin kabarinsa. Kowa ya sami abin kallo a kan teburi.

"An amince baki ɗaya," ya karanta.

"To, ka ji. Kai ka rubuta, ba ni ba."

Baba ya sa hannu, ya turo masa biro. Biron bai da nauyi ko kaɗan.

* * *

Shi aka ba wasiƙar tashi daga gidan ya kai, domin aikinsa ne. Ya sami yayarsa a tsakar gida tana kwashe shanya.

"Ka ce Amin?"

"Ban ce ba, Yaya. Allah ne shaidata."

Ta goge hannu, ta buɗe ambulan, ta nisanta takardar da idonta. Ba ta kai ga kwana talatin ɗin ba. A sama ta tsaya, wajen kwanan wata.

"Wannan ai jiya ce."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ashe da nake roƙonka da safe, tana cikin jakarka."

"Yaya, yarana huɗu..."

"Na san su. Ni na yi musu wankan farko."

Ta ninke takardar ta soke a bakin zaninta. Sannan ta ɗaga kai ta dubi igiyar da mijinta ya ɗaura daga ƙusar bango zuwa bishiya.

"Ka fi ni tsawo, Auta. Kwance mini ita. Wannan dai ba ta mishan ba ce."