Hannun Baba a Cikin Filasta

Tun da Auta ta shiga sashen zane-zane na jami'a ba ta taɓa zama kan abu ɗaya ba. Da gawayi ta fara, har bangon ɗakinta ya koma kamar na madafa. Daga nan ta koma fentin ruwa, ta ɓata wa Umma zannuwan gado. Ta taɓa yumɓu, ta taɓa sassaƙar itace, akwai ma lokacin da ta dinga tsintar murafun kwalba a bakin titi tana ɗinke su da waya, yayyenta na tsokanarta wai gidansu ya samu 'yar bola mai digiri. Baba kuwa ko me ta kwaso sai ya yaba. Mai aski ne, shagonsa na bakin layi, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Uwata yake kiranta.

A ƙarshen zangon nan aka ce kowane ɗalibi ya ƙera hannun mai sana'a. Malamarsu ta nuna musu yadda ake yi: akwai wani kwaɓi mai laushi kamar roba da ake tsoma hannu a ciki, in ya kama a zare hannun, sannan a zuba filasta, farin garin nan da in an kwaɓa yake daskarewa kamar siminti, a gurbin da ya bari. To kwaɓin ya ƙare a ɗakin aiki kafin layi ya zo kan Auta, garin filasta kawai ta samo. Sai ta yi wa kanta dabara: in ta shafe hannun da basilin sosai, ai zai sulɓe ko daga cikin filastar kanta.

Da rana Baba ya dawo cin abinci, yana zaune a baranda yana sakace, ta zo ta durƙusa gefensa.

"Baba, aron hannu na zo."

"Ɗauki na hagun, Uwata, ba shi da aikin yi. Ki dawo da shi gobe."

"Na daman nake so. Shi ne mai riƙe almakashi."

Ya yi dariya ya naɗe hannun riga. Ta shafe masa basilin har gwiwar hannu, ta kwaɓa filasta a wani ƙaramin bokitin fenti na roba, ta ce ya lanƙwashe yatsu kamar yana riƙe da almakashi. Ya tsoma har wuyan hannu. Ta zauna tana masa hirar makaranta don kada ya motsa.

Can sai ya ce, "Abin naki har da ɗumi, kamar ruwan wanka."

Ta yi murmushi. Jim kaɗan ta lura ya daina amsa mata hira, gumi ya tsatso masa a goshi. Ta kai tafin hannu jikin bokitin, ta janye da sauri. Zafi ne sosai, kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Nan take ta tuno abin da malamar ta faɗa ranar da ita take can baya tana wasa da waya: filasta zafi take ɗauka in za ta daskare, kuma iya kaurinta iya zafinta.

"Baba, zaro hannun. Zaro yanzu!"

Ya ja. Bokitin gaba ɗaya ya taso tare da hannun. Ta rungume bokitin, ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ko motsi. Yatsun da ta sa ya lanƙwashe sun zama ƙugiya a cikin dutse.

"Uwata," ya ce a hankali, "abin nan fa cina yake."

"Umma! Umma!"

Umma ta fito da kumfar sabulu a hannu. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar mijinta ta saki salati. "Ke wace irin yarinya ce? Me kika zuba masa? Malam, tashi mu tafi asibiti!"

"Kafin mu kai ya gama dahuwa," Auta ta ce. "Ki kawo ruwan sanyi, duk na firij, har ƙanƙarar. Da wuƙa."

Ta tsaga robar bokitin daga sama har ƙasa, wuƙar ta zame ta yanke mata babban yatsa, ba ta ma ji ba. Farin dunƙule ya fito yana huci. Umma na kwarara ruwa tana addu'a, ruwan na bin jikin filastar yana zuba ƙasa, amma bai kai inda wutar take ba. Baba ya kifa kansa a kan ɗaya hannun. Wani irin nishi yake yi ta cikin haƙora, wanda Auta ba ta taɓa jin irinsa daga bakinsa ba, ko ranar da aka yi masa rasuwar ƙaninsa.

Ta ruga ɗaki ta zazzage jakar kayan sassaƙarta, ta ɗauko guduma da ƙarfen sassaƙa mafi faɗin baki. Da ta dawo ta ɗora ƙarfen kan filastar sai hannunta ya ƙi. A ƙarƙashin farin nan akwai yatsun da suka ciyar da gidan gaba ɗaya, kuma ba ta ganinsu. In ta buga a hankali ba zai fashe ba. In ta buga da ƙarfi, ƙarfen na iya wucewa.

"Ba zan iya ba, Baba. Zan yanke ka."

Ya ɗago kai, idanunsa jajur. "Ke kika jera yatsun nan, kin san inda kowanne yake. Buga."

Ta fara daga gefe, ta wajen ƙaramin yatsa. Kowane bugu sai ya ratsa har kafaɗarsa, ta ga ya runtse ido. Ɓallin farko ya faɗi, ɗan ƙarami kamar ɓawon ƙwai. Ta ƙara. Gumi da hawaye suka rufe mata ido, Umma ta sa gefen zani ta goge mata. Maƙwabcinsu direba, da ya jiyo ihu ya shigo, ya durƙusa ya danne dunƙulen da hannu biyu don kada ya dinga juyawa.

"Nan fa? Kana jin ƙarfen?"

"A'a. Matsa sama kaɗan. Tsaya! Nan yatsa ne."

Haka suka yi ta yi, tana tambaya yana amsawa, muryarsa na ƙara yin ƙasa. Da ya yi shiru ya daina amsawa sai tsoro ya sa ta ɗaga gudumar ta sauke da duk ƙarfinta a bayan hannun. Tsaga ta ratsa dunƙulen, direban ya sa yatsu ya ɓare shi gida biyu.

Auta ta kalli hannun sau ɗaya ta kawar da kai. Ya yi jawur ya kumbura, fatar yatsu biyu ta saɓule ta bi filastar.

A motar maƙwabcin ita ta riƙe kwanon ruwan da hannun ke ciki, duk ramin da suka faɗa sai ruwan ya fantsamo mata a cinya. A asibiti aka shige da shi, aka bar su kan benci. Umma ba ta yi mata faɗa ba. Duk wanda ya fito da farar riga sai Auta ta miƙe, tana jiran a ce sai an yanke.

Likitar da ta fito daga baya ta tambayi wanda ya fasa filastar. Auta ta ɗaga hannu kamar mai laifi a aji.

"Da kun ɗauko shi a haka, da wani zancen muke yi yanzu," likitar ta ce. "Ƙunar ta shiga, amma yatsun na nan. Zo a ɗinke miki naki, jini kike zubarwa tun ɗazu."

Baba ya daɗe bai buɗe shago ba. Ƙaramin yatsan bai ƙara lanƙwasuwa daidai ba, sai da ya sake koyon riƙon almakashi kamar sabon shiga. Auta ta je ta faɗa wa malamarsu duk abin da ya faru, aka ce ta maimaita darasin a zango na gaba. Ta daɗe ko ƙurar alli ta gani sai ta kawar da kai.

Ranar da aka sallamo shi, tana tsaye bakin ƙofa ta kasa shiga ɗakin. Ya hango ta, ya ɗaga hannun da ke naɗe da bandeji.

"Uwata, kin tsaya can kamar baƙuwa. Zo ki ɓalle min maɓallan rigar nan, na hagun ya ce shi bai iya ba."

Ta shiga ta durƙusa gabansa. Sai da ta yi ta fama kafin na farko ya fita.