Motar Yaya Balki Ta Ƙi Ja

Ranar Asabar Haris ya ari motar yayarsa Balki, ya ce zai ɗauko dusar tumaki a kasuwar Tanout ya dawo. Motar otomatik ce, ta marigayi mijinta, kuma Balki ba ta cika ba kowa makullinta ba. Dusar dai ya ɗauko, amma sai ya zarce wani ƙauye gaba da Gangara, wurin Kaltuma da yake nema. A hanyar dawowa motar ta kafe a yashin wata ƙorama. Ya yi ta taka mata wuta, ya sa gaba ya sa baya, tayoyi suna tono, har wani ƙauri ya taso daga ƙarƙashinta. Wasu makiyaya ne suka tura shi ya fita. Da ya iso gida ya wanke ta tas, ya miƙa makulli, bai gaya mata abin da ya faru ba.

Ranar Talata Balki ta ɗauki Innarsu za ta kai ta Damagaram ganin likitan ido, wanda aka daɗe ana jiran ranarsa. Ba su yi nisa ba motar ta fara wani hali: injin ya yi ta kuka, ita kuwa ba ta gaba, sai can ta fizga kamar an hankaɗa ta. A wani hawa ta ƙi ja sam. Tsohuwa ta wuni a gindin aduwa, sai da la'asar wata motar kasuwa ta jawo su zuwa gida.

Washegari Balki ta sa aka ja motar zuwa garejin Barmo, Haris ya raka ta. Dattijo ne, aminin mijinta, shi yake duba motar tun tana sabuwa, kuma shi ya canza mata mai watan jiya.

"Baba Barmo, ban zaci haka daga gare ka ba," in ji Balki tun kafin ta gama gaisuwa. "Lafiya lau take kafin ka taɓa ta. Wane irin mai ka zuba mata?"

Akwai direbobi zaune a benci suna shan shayi. Duk suka juyo. Barmo ya miƙe. Ya tada motar, ya bari ta yi zafi, ya zaro tsinken awon man buwat, wato akwatin da ke canza gudun mota. Ya shafa a farin tsumma. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi. Ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Ya ƙone, ƴata. In man nan ya ƙone ba ya riƙe farantan ciki, sai su riƙa zamewa. Shi ya sa injin ke kuka mota ba ta tafiya."

"Me ya ƙona shi in mai kyau ne?"

"Zafi," ya ce. Sannan ya ƙara a hankali, "Ko kuwa ni aka cuta a inda na sayo, ban lura ba. Tsufa ya zo, ido ba kamar da ba."

Haris yana tsaye jikin ƙofar motar. Ya buɗe baki, ya dubi direbobin nan, ya rufe.

Barmo ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin motar. Ya tsiyaye man a wani tsohon kwano, ya kwance murfin ƙasan buwat, ya fito da shi ya karkata wa rana. Akwai baƙin gari-gari kwance a ciki, amma babu ɓarɓashin ƙarfe.

"Alhamdu lillahi, ba ta ci kanta ba," ya ce. "Matatar man ce ta toshe. Za mu sa sabuwa, mu wanke nan, mu zuba sabon mai. In ta ƙi, sai an sauke buwat ɗin gaba ɗaya."

Ya koma ƙarƙashin motar yana ɗaure kusoshin. Ɗaya daga cikin direbobin ya tashi, ya ce zai kai tasa motar wani wuri, yana sauri. Barmo ya ji, bai ɗago ba.

Wannan ne Haris ya kasa jurewa. Ya durƙusa kusa da ƙafafun dattijon.

"Baba, ba manka ba ne. Ni ne. Na kafe da ita a yashi ranar Asabar, na yi ta matsa mata har ta yi ƙauri."

Barmo ya jawo jikinsa ya fito, ya zauna a kan buhun yana goge hannu. Ya dubi Haris.

"Da ka kawo ta ran nan, da Innarka ba ta wuni a daji ba," ya ce.

Balki ba ta dubi ƙanenta ba. Ta gyara mayafi, ta rusuna a gaban Barmo, a gaban mutanen da suka ji ta ɗazu.

"Baba, ka yafe mini. Bakina ya yi sauri."

"Ba komai, ƴata. Tashi, kada mai ya ɓata miki zane."

Da aka zuba sabon mai suka fita gwaji kan kwalta, Barmo yana tuƙi, Balki a gefensa, Haris a baya. Da farko ta ɗan yi nauyi. Daga baya ta shiga canzawa sumul, ta hau hawan bayan gari ba tare da kuka ba. Barmo ya ce ta samu, amma farantan sun ɗan ci wuta, kada a ƙara ɗora mata kaya ko a shiga yashi da ita.

A hanyar gida Haris ya ce, "Yaya, don Allah..."

"Kana tsaye ina zagin dattijo," ta ce, idonta a kan hanya. "Kana ji."

Suka iso ƙofar gida. Ta kashe motar, ta jefa makullin a jaka.

"An ce likitan sai bayan damina zai dawo. Inna ba ta sani ba tukuna. Kai za ka gaya mata, da dalili."

Ta shige ciki. Haris ya jima a zaure yana jiyo Inna tana tambayar wa ya shigo. Sannan ya cire takalmansa, ya yi sallama.