Aji Bakwai

Likitar ta sake tambayarta, wannan karon a hankali: wane magani mijinta yake sha?

"Ba ya shan komai. Ko na ciwon kai sai na yi da gaske yake haɗiya."

Har yanzu tef ɗin awo yana rataye a wuyanta. Daga kan keken ɗinki aka kira ta, aka ce Malam ya zame a matakalar makaranta ya bugi ƙarfen gefe da cikinsa. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa yana dariya, ya shiga aji, bai yi rabin darasi ba ya yanke jiki ya faɗi. Yanzu ga shi a bayan labule, an rataya masa ruwa, leɓunansa sun yi fari, ko sunansa aka kira ba ya amsawa.

Likitar ta ja ta gefe ta yi mata bayani ba kwana-kwana. Jini yana zuba a cikinsa, dole a shiga da shi tiyata. Amma gwaji ya nuna jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, kamar na mai shan maganin tsinka jini. Irin waɗannan magunguna suna da yawa, kowanne da abin da ake karya ƙarfinsa da shi. Tana son sunan maganin, da lokacin da ya sha na ƙarshe. Idan babu, za su shiga a haka, don ba za su iya jira fiye da minti goma sha biyar ba.

"Shekara goma sha tara muna tare, likita. Da yana shan wani abu da na sani."

Likitar ba ta yi musu ba. Ta dai miƙa mata ledar kayansa, ta ce ta duba.

Ta zazzage ledar a kan bencin baranda. Makullin babur, jan biro biyu, guntun alli, tabarau da ya karye a ƙafa ɗaya, sai waya wadda fuskarta ta tsage daga kusurwa. Babu ƙwaya ko ɗaya, babu katin asibiti. Ta koma bayan labulen, ta kama babban yatsansa ta ɗora a kan wayar. Yatsan ya yi sanyi ƙalau. Sai a karo na uku wayar ta buɗe.

Ta duba saƙonni: shugaban makaranta, ƙanensa, mai gyaran babur. Ta duba hotuna: allo, allo, 'yan biyunsu a kayan makaranta, allo. Minti huɗu sun tafi. Sannan idonta ya faɗa kan manhajar da yake rubuce-rubucensa a ciki.

Duk gidan an san Malam da wannan hali. Ba ya karanta abu a intanet ya wuce. Sai ya kwafe shafin gaba ɗayansa, da hotunansa da ranar da ya gan shi, ya adana, ya rubuta 'yan kalmominsa a ƙasa. Yakan ce adireshin shafi ba abin dogaro ba ne, yau ka gan shi gobe an goge. Ita kuwa takan tsokane shi da cewa da intanet kaya ce da tuni sun rasa wurin kwana. A barandar nan babu intanet ko ɗigo, amma shafukan suka buɗe tsaf, tun da a cikin wayar suke.

Matsalar dai yawansu. Shafi dubu biyu da wani abu, an kasa su jaka-jaka. Ta rubuta "magani" a wurin nema. Maganin ƙwarin tumatir ya fito, da maganin gara, da maganin tsatsar tankin babur. Ta rubuta "jini". Darasin zagayawar jini na 'yan aji biyar, har da tambayoyin jarrabawa. Ta rubuta "asibiti", sai ga shafin allurar rigakafin 'yan biyu na shekarun baya.

Wata nas ta leƙo ta ce an kusa gama shirya ɗakin tiyata. Ta gyaɗa mata kai ba tare da ta ɗago ba.

Ta bar wurin neman, ta koma bin sunayen jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Lambu. Babur. Tarbiyya. Aji Huɗu, Aji Biyar, Aji Shida, Aji Bakwai. Har ta wuce, sai ta dawo da yatsanta. Ita ke ɗinka wa makarantar kayan yara duk shekara, ta san yawan azuzuwanta kamar yadda ta san ɗakunan gidanta. A shida suka tsaya.

Ta buɗe jakar Aji Bakwai. Shafi arba'in da ɗaya ne a ciki, dukansu da Turanci, na farkon kuma an adana shi wata goma sha huɗu da suka wuce. Hoton zuciya ne da kibiyoyi. Turancinta ba mai sauri ba ne, amma bayanan da ya yi a ƙasa da Hausa suke, cikin irin maganarsa. "Bugun ba ya tafiya daidai. Likita ya ce ana rayuwa da shi." Ta ci gaba. Shafi na shida yana ɗauke da hoton kwalin magani da wani dogon suna, a ƙasa an rubuta, "Wannan aka ba ni. Ɗaya kullum."

Ta miƙe da gudu, takalminta ɗaya ya fita. Har ta kai bakin labule ta tsaya cak. Malam mutum ne da ba ya goge tsohon abu ko da ya daina aiki. Ta ja shafukan zuwa ƙasa da sauri, tana duba ranakun kawai. Can kusa da ƙarshe, wata uku da suka wuce, ga wani kwalin daban, da wani sunan daban. "An sauya mini, wancan yana sa dasashina jini. Ɗaya safe, ɗaya yamma. Yana cikin durowar ofis." A ƙarƙashinsa ranaku ne a jere, kowace da lokacinta. Na yau yana nan: bakwai da minti goma.

Ba ta iya furta sunan ba, wayar ta tura wa likitar a fuska. Likitar ta karanta, ta ja sama ta ga tsohon, ta dawo kan sabon, ta dubi agogon hannunta. Ta faɗa wa nas wasu kalmomi da sauri, nas ɗin ta ruga.

"Kin taimake mu," in ji likitar. Shi ke nan abin da ta ce, aka tura gadon.

Ƙofa mai marfi biyu ta rufe. Ta ɗauko takalminta, ta zauna a bencin da wayar a cinya, tana taɓa fuskarta lokaci-lokaci don kada ta kulle. Ta kira yayarsa ta ce ta ɗauko 'yan biyu in an tashi, ta ce faɗuwa ya yi, ba ta ƙara komai ba. Sannan ta karanta shafukan duka, tun daga farko. Abincin da ya kamata ya rage, wanda ta tuna ya ce kawai ya fita ransa. Ranakun ganin likita, waɗanda ya ce taron malamai ne. Ita da kanta take goge masa riga a irin waɗannan ranakun.

Shafi na ƙarshe shawara ce kan yadda mutum zai sanar da iyalinsa rashin lafiyarsa. Ya ja layi a ƙarƙashin jimloli da yawa. Bayaninsa kuwa gajeru ne, kowanne da ranarsa. "Bayan jarrabawar yara." "Bari ta gama kayan makaranta tukuna." "Yau tana cikin farin ciki, ba yau ba." "Ranar Asabar." Asabar ɗin ta wuce da mako biyar.

Ta kife wayar. Ta rasa ko kuka za ta yi ko zagi, sai ta yi ta naɗe tef ɗin awo tana warwarewa.

Rana ta yi sanyi kafin likitar ta fito, hularta a hannu. An tsayar da jinin, an cire saifa, zai tashi. Bayan awa biyu aka bar ta ta shiga.

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya dubi silin, ya dubi robar da ke hannunsa, ya dube ta, har ya fara murmushi. Sai ya ga wayarsa a cinyarta, fuskarta a kunne, hoton kwalin maganin ya cika ta. Murmushin ya tsaya. A hankali ya mayar da idanunsa ya rufe, ya shiga jan numfashi irin na mai barci, irin wanda 'yan biyu suke yi idan sun fasa kofi.

Ta jawo kujera har ta taɓa gadon, ta gyara masa bargo, ta cire takalmanta ta ajiye a gefe.

"Yi barcinka, Malam," ta ce. "Na rufe shago. Ina nan."