Biyar Baƙaƙe Biyu da Iya Ta Ƙi Taɓawa

Daren jiya na kwanta da ɓacin rai, sai ga wani mafarki. Abin da ya ɓata min rai kuwa Iya ce, mahaifiyata. Tsufa ya fara kwashe mata mutane daga ka, har ta tambayi matata ko baƙuwa ce. Ni ɗan farinta ne, tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido da ido. To ta yaya zan gane ko alkunya ce har yanzu, ko ta manta da ni?

Na tsinci kaina a bakin wani kogi da yake gudana a tsaye, kifaye na faɗowa suna ba da haƙuri suna komawa. A kan yashi an kife karta hamsin da biyu layi-layi, kowace ta kai girman ƙyaure. Ban taɓa ganin abu mai kwarjini irin wannan ba, sai da na cire takalmina.

Wata zabuwa mai tabarau ce alƙaliyar wasa.

"Malam Haladu, ka makara," in ji ta. "Gobe muka fara."

Ta yi min bayani a tsanake. Mai wasa zai buɗe karta biyu. In lambarsu da launinsu sun zo ɗaya, ya kwashe su ya sake buɗewa. In ba su zo ɗaya ba, ya mayar da su a kife a inda suke, kowa ya riƙe wurin a ransa. Ta ce kowane mutumin gidanmu yana da nasa biyun a ciki.

Sai ga Iya ta fito da zanenta na saƙi, ƙanwata Tasalla na biye da ita. Abokin karawarta wani gara ne ƙato, makaho, mai farar hula da ladabi. Duk biyun da ya ci, bismilla yake yi ya cinye su, Iya kuma ta manta da mai su.

Iya ta buɗe jajayen sarakuna biyu. Marigayi Baba ya taso daga ciki yana karkaɗe riga, ya tambayi ko an ba jaki ruwa, ya zauna a bayanta. Ta buɗe tara da tara, dariyar Tasalla ta fito ta sauka a kafaɗarta kamar tattabara. Gara ya laluba ya ci takwas biyu, shi ke nan sunan garin da aka haifi Iya ya tafi.

Can ta ɗaga wata biyar baƙa. Kukan jariri ya fito, na kuwa gane muryata. Da sauri ta kife ta, ta juya baya. Jim kaɗan gara ya buɗe ɗaya biyar ɗin a ƙarshen layi, bai dace da 'yar uwarta ba, ya mayar. Kowa ya ga wurin. Kifayen ma sun gani.

Juyi ya zo kan Iya, ta wuce su ta je ta ɗauko maƙwabciyarmu. Maƙwabciya fa, wadda ko gaisuwar kirki ba sa yi! Na buɗe baki zan yi magana, sai gero ya zubo.

Rana ta raba kanta biyu, rabi ya tafi cin abinci. Karta ta ƙare saura biyu, nawa, kuma juyin Iya ne. Ta tsaya tana kallon kogi.

"Iya, in ba ki buɗe ba, juyi ya koma kan gara," in ji zabuwa. Ta dube ni ta saman tabarau. "Ka yi haƙuri, ta manta."

Gara ya fara wanke hannu. Tsoro ya kama ni, na sunkuyar da kai, a nan na ga sawun ƙafarta a yashi. Tun farkon wasa ta taka ko'ina, amma sawun ya zagaye kartata kamar shinge. Duk sanda gara ya laluba wajen ta farkon, a gabansa take tsayawa, ta ba ta baya. Wanda ya manta ai da ko bisa kuskure ya sake taɓawa.

Iya ta gyara ɗaurin zane, ba ta waiwayo ba.

"Ke Tasalla, kwashe waɗancan ki kai inuwa. Tun ɗazu rana ke dukan su."

Kogin ya sunkuyo ya gaishe ta. Ni dai kuka nake yi, hawayen na hawa goshina.

Ƙarar murfin kwano da ya faɗi a tsakar gida ce ta tashe ni. Na ji Iya tana ce wa matata, "Ke baƙuwa, rufe kokon nan da kyau. Wancan na ɗaki ba ya shan mai sanyi."