Mainasara Mai Adawar Ƙungiya

Ƙungiyar ci gaban ƙauyen su Mainasara, can gefen Mai'adua, ba ta taɓa sanin gardama ba. In Alhaji Hamma, shugaba, ya ce a cike ramin hanya, sai kowa ya ɗauko shebur. Su dai a ganinsu lafiya lau suke, har ranar da Malama Fadila ta zo daga Daura ta shaida musu cewa ƙungiyarsu ba ta da ƙarfi.

Wata hukumar agaji mai ƙarfafa ƙungiyoyin sa-kai ce ta turo ta. Ta halarci zamansu, ta ga kowa sai gyaɗa kai yake, ranta ya ɓaci. Ta ce masu ba da rijiyar burtsatse ba sa yarda da ƙungiyar da ba a ja da shugabanta.

Alhaji Hamma ya ce to a naɗa mai adawa, kowa ya amince nan take. Aka duba wanda ba zai iya ƙin muƙamin ba, ido ya faɗa kan Mainasara, mutumin da ko akuya ta shiga gonarsa haƙuri yake ba ta. Ya karɓa, domin shi ya fi kowa son rijiyar nan. Unguwarsu ce mafi nisa da ruwa, ga mahaifiyarsa Iya da ciwon gwiwa, kuma ba ta yarda kowa ya ɗebo mata. Ya daɗe yana yi mata alkawarin ruwa a ƙofar gida.

Da farko abin tausayi ne. Sai ya miƙe, ya nemi gafarar kowa, ya ce bai yarda ba, ya zauna yana gumi, in an tashi ya bi Alhaji har gida da ban haƙuri. Amma Mainasara ba ya wasa da amana. Ya riƙa gwaji a gona, yana musu da jakinsa. Kafin kaka bakinsa ya buɗe: ya soki lokacin taro, ya soki tabarmar da ake zama a kai, ya soki inuwar bishiyar. Jama'a suna ta sa masa albarka.

Ranar da Malama Fadila ta dawo da baƙi masu ba da rijiyar don a tsai da wurin haƙa, Alhaji Hamma ya ce saboda wahalar da Mainasara ya sha wa ƙungiya, a yi rijiyar a ƙofar gidansa. Daɗi ya kusa kashe Mainasara. Sai ya lura kowa shi yake kallo, Malama Fadila tana yi masa alama da ido.

Ya miƙe da niyyar ya ɗan soka sama-sama ya zauna, amma harshe ya riga ya saba. Ya ce ƙasar wurin dutse ce, ga masai kusa, ga unguwar kudu ta fi yawan yara.

“Kuma ranka ya daɗe,” in ji shi, “me duniya za ta ce da shugaban da ya toshe bakin mai adawarsa da rijiya?”

Baƙi suka yi tafi. Alhaji Hamma ya ce wallahi gaskiya ne, a kai ta unguwar kudu, kowa ya amince.

Hankalin Mainasara ya tashi. Ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi ko mutum guda ya ja da maganarsa.

“Ai mu ba a naɗa mu ba, Mainasara,” in ji Alhaji, cikin tausasa murya.

Malama Fadila ta ce ba ta taɓa ganin ƙungiya mai ƙarfi irin wannan ba.

Da Mainasara ya koma gida, ya iske Iya zaune a bakin zaure, ta miƙe ƙafa tana jiransa. Ta tambaye shi ko an ba su. Ya durƙusa, kunya da baƙin ciki sun cika shi, ya ce akwai wanda ya hana.

“Allah ya isa tsakanina da shi,” in ji Iya.

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta ɗauki bokitinta.