Lagireton Motar Alhaji Isyaku

A Ƙofar Na'isa ana cewa Maharazu bakanike ba ya duba mota, sauraronta yake yi. Ya ɗora tsinin sukudireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunne, sai ya faɗi abin da ke damunta. Daga baya kuma aka fara cewa kunnen ya tsufa. Wannan magana daga bakin Alhaji Isyaku ta fito, kuma tun da ta fito, masu motoci suka fara wuce garejinsa.

Mafarin abin wata 'yar jar mota ce mai kujera biyu, marar rufi, wadda Alhaji ya gada wajen mahaifinsa. Shekarar casa'in da tara, da soja suka miƙa mulki, Alhaji ya ci kansila, ya ce a cikinta zai zaga Dala ranar da za a rantsar da shi. Injinta ya daɗe da mutuwa, sai ya sayo babba mai silinda shida.

Maharazu ya yanka ƙarfe, ya yi walda, ya zaunar da injin daram. Ya tayar, ya kasa kunne.

"Alhaji, inji lafiya lau. Amma lagireton nan na ƙaramin inji ne, ba zai iya sanyaya wannan ba. A ba ni sati ɗaya in haɗa babba."

Alhaji bai yarda ba. Ya ba ɗan wansa Nazeer, wanda ya yi karatun kanikanci a Kaduna, motar ya gwada ta a titin Zariya. Nazeer ya dawo yana murmushi, ya ce allurar zafi ko motsi ba ta yi ba.

"Ka ji ko, Malam Maharazu? Har Kwanar Dangora ya je."

"A guje ya je, iska na shiga. Kai kuwa lungu za ka bi, kowane zaure sai ka tsaya gaida dattawa."

"Kunnenka ya tsufa," in ji Alhaji, a gaban mutanen da ke zaune a bakin gareji.

Maharazu ya goge hannu da tsumma.

Ranar rantsarwa jama'a suka cika lungu, mota na bin su kamar mai tatata. A zauren farko aka tsaya aka yi addu'a, inji na ruri. Haka a na biyu, haka a na uku, don ba a wuce dattijo yana miƙo hannu. A ƙofar gidan Gwaggo Husaina, ƙanwar mahaifin Alhaji, tana cikin sa masa albarka, tururi ya turnuƙe daga bonet.

Ta ja da baya. "Isyaku, kansila ka zama ko mai dafa shayi?"

Lungu ya kece da dariya.

Da la'asar aka jawo motar da igiya zuwa Ƙofar Na'isa. Maharazu na zaune a benci. A jikin bango ga babban lagireto a jingine, da fankarsa, ya riga ya haɗa shi daidai awon motar.

Alhaji ya tsaya yana kallonsa. "Yaushe ka yi wannan?"

"Tun ranar. Na san za ta dawo."

Mutanen rannan suna nan zaune. Alhaji ya gyara hula, ya matsa kusa, ya buɗe baki a hankali, sai kuma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Maharazu, a nan na ce kunnenka ya tsufa. Ni ne ban saurara ba. Don Allah ka yafe mini."